Sarƙa a Bakin Layi: Yadda Muka Hana Hawan Keke da Babur a Kasuwarmu, da Abin da Ya Biyo Baya

Layin da nake da shago a cikinsa, a ɗaya daga cikin kasuwannin birnin Sakkwato, layin 'yan yadi ne da kayan ɗinki. Baki biyu gare shi: ɗaya yana fita babban titi, ɗayan yana ɓullewa wata unguwa ta bayan kasuwa. Wannan shi ne asalin matsalarmu, domin duk wanda ya san gari ya san cewa in ya ratsa ta cikinmu ya huta da zagaye mai nisa, ya kuma tsere wa cunkoson Keke NAPEP da manyan motoci masu sauke kaya a bakin titi. Ni ne magatakardan kwamitin layin. Littafin taro da na kuɗi duk a hannuna suke, saboda haka abin da zan faɗa a nan na gan shi, wani kuma da hannuna aka yi shi.

Da can babura ne kawai damuwarmu. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sai kekunan da suka shekara jingine a zaure suka dawo titi. Malaman makaranta, masinjoji, ɗalibai, dattawa masu kawo kayan fadama, kowa ya kai tsohon kekensa wurin mai faci. Layi bai ƙara faɗi ba, amma masu binsa a kan ƙafa biyu na roba sun ƙaru.

Abin da ya faru

A azumin 2024, wanda ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu, ana saura kwanaki kaɗan salla, layi ya cika har mutum ba ya ganin ƙasa. Bayan La'asar wani yaro ya shigo da babur ɗauke da dila biyu na atamfa, an ɗaure su a baya sun fi babur ɗin faɗi. Ba gudu yake ba sosai, amma injin na kunne, yana ta hon, yana kutsawa. Wata dattijuwa Bafulatana da ke zagayawa da fura da nono ta juya don ta kauce, sai kusurwar dila ta ɗauke ta. Ta faɗi a kan hannunta na dama. Ƙwaryar ta rabe biyu, nono ya malale har ƙarƙashin teburina. Abin da ba na mantawa shi ne ba ta yi kuka ba. Tana zaune a ƙasa, ta tallabe wuyan hannun da ya lanƙwashe, tana kallon ludayinta da wani ya taka. Yarinyar da ke biye da ita, jikarta, salansa ya taɓa mata ƙauri, fata ta saluɓe kamar faɗin kwabo.

An kai Inna wurin maɗori, aka kai yarinyar kemis. Yaron da ya yi ɓarnar bai gudu ba. Ba ɗan kabu-kabu ba ne. Yaron wani Alhaji ne mai shago a layinmu, kuma shi ya aike shi ya ɗauko kayan daga tasha, ya ce ya yi sauri. Alhajin ya biya kuɗin ɗori da na ƙwarya ba tare da gardama ba, Allah ya saka masa. Amma a ranar babu wanda ya tsaya ya yi tunanin ma'anar wannan: babur ɗin namu ne, mu muka kira shi ciki.

Dokar farko

Bayan salla muka zauna. Rai a ɓace yake, kuma shawarar da aka yanke cikin ɓacin rai ta fito da kaifi ɗaya: ba hawa a cikin layi, ko babur ko keke, daga safe har a tashi kasuwa. Aka sa sarƙa a bakuna biyun, aka rubuta allo. Aka ɗauki samari huɗu, biyu a kowane baki. Wanda aka kama a kan babur zai biya naira 1,000, mai keke naira 500. Da aka zo maganar abin da za a riƙa ba samarin, asusun layi ba komai, sai wani ya ce a ba su rabin abin da suka kama, a cewarsa hakan zai sa su zage damtse. Kowa ya ce madalla. Ni na rubuta, ni ma na ɗaga hannu.

Makon farko kamar an yi ruwa an ɗauke. Mata suna tsayawa su buɗe turmin atamfa a tsakiyar layi su duba zane ba tare da waiwaye ba. Muka yi ta yaba wa kanmu.

A mako na uku na zauna da littafin tara don in fitar da kason samarin, sai na lura da abin da ya tsaya mini a rai. Shafi bayan shafi, keke ne, keke ne, keke ne, sai jefi-jefi ka ga babur. Alhali abin da ya karya hannun Inna babur ne. Na bar shago wurin yarona na koma bakin sarƙa na zauna yini biyu ina kallo, a nan na gane dalili. Mai babur da ya hango samarin yakan murɗa ya bi ta gefen sarƙa inda masu baro ke wucewa, kafin su yunƙura ya nutse cikin mutane, kuma da gudun da ya fi na da, tunda yanzu tsere wa kamu yake. Yaran masu shaguna kuwa ba a taɓa su, domin samarin sun san iyayen gidansu ne ke cikin kwamiti. Wa ya rage? Mai keke. Shi ba ya iya tserewa, hannu ɗaya ya isa a riƙe masa kariya, kuma yawanci mutum ne mai jin kunyar a tara masa jama'a a kan naira 500.

A yini na biyu ne na ga abin da ya sa na nemi a sake zama. Wani dattijo ya shigo ta bakin unguwa a kan tsohon Raleigh, da ƙaramin buhun albasa a baya, irin masu kawowa daga fadamar wajen Kwalkwalawa. Ba feda yake yi ba ma. Yana zaune a kan sirdi yana tura ƙasa da ƙafa ɗaya, tafiyarsa ba ta fi ta mai tafiya a ƙasa ba. Ɗaya daga cikin samarin ya cafke kan keken.

"Baba, sauka. Ba ka ga allo ba?"

"Yaro, mi niy yi? Ƙahwata ta ba ta ɗaukata. In nis sauka ban iya kai bakin titi. Tun ba a haihe ka ba nike bin layin ga."

"Doka ta, Baba. Ɗari biyar."

Dattijon ya ce ba shi da ita sai ya sayar da albasa. Yaron ya durƙusa ya kwance bawul ɗin ƙafar gaba, iska ta fita. Na tashi na tsawata masa, amma kafin in iso dattijon ya kwance bakin wani ƙyalle ya ƙirgo kuɗin, 'yan hamsin-hamsin da ɗari-ɗari, ya miƙa. Na ce ya mayar da kuɗinsa, ya ce a'a, tunda doka ce ya biya. Ya karɓi bawul ɗinsa, ya tura keken da ƙafar a sace, yana ɗingishi, yana dafe da sirdi kamar sanda. Yana cikin tafiyar nan wani babur ya wuce shi da hon, ɗauke da kwalayen zare na maƙwabcin shagona.

Inda muka kuskure

Ba na ɗora wa samarin nan laifi fiye da kima. Mun ɗaura abincinsu a kan yawan kamu, suka nemi kamun da ya fi sauƙi. Duk wanda aka biya a kan kai, kai zai ƙirga, ba haɗari ba.

Kuskure na biyu shi ne mun haɗa abubuwa biyu da ba nauyinsu ɗaya ba. Babur irin Boxer da ya cika gari ya haura kilo 100 tun kafin a hau shi ko a ɗora masa kaya, ga salansa mai ƙuna, ga inji da ke fizga da ɗan murɗi kaɗan. Keken ƙarfe irin na dattawa bai wuce kilo 20 da 'yan kai ba, kuma mai shi na iya dire ƙafa ya tsaya cak. Ban ce keke ba ya ɓarna ba. Na ga ɗan makaranta ya shigo a guje ba birki, da silifa yake taka taya, ya ture yaro mai tallan ruwa. Amma abin da ya yi ɓarnar gudu ne da rashin birki, ba kasancewarsa a kan sirdi ba. Dokarmu ba ta tambayi gudu ba, ba ta tambayi lokaci ba, ba ta tambayi ko layi cike yake ko wayam. Hawa kawai ta sani.

Na uku, kuma wannan ya fi yi mana ɗaci a taro: mu muka matse layin. Kowane mai shago ya fito da tebur gaban shagonsa, wani ya ƙara benci, wani ya rataye yadi a kan igiya har tsakiya. Haka abin yake a manyan titunan gari ma. Inda aka yi wa masu ƙafa gefen titi, ko aka rufe lambatu da siminti don a taka, za ka tarar da mai shayi, mai faci, mai cajin waya da janaretonsa, ko mota an faka ta a kai. Mai ƙafa ya sauko kan kwalta, mai keke ya rasa gefen da zai raɓa, in tirela ta matso shi ya haye duk inda ya samu. Kowa yana cin rabon na ƙasa da shi. Wanda ya ga gobarar babbar kasuwa ta Janairun 2021 ya san cewa toshe layi ba maganar jin daɗin tafiya ba ce kawai. Ranar da wuta ta tashi, faɗin hanya shi ne dukiya.

Akwai na huɗu da wani lauya mai sayen yadi a wurina ya nuna mini. Kwamitin 'yan kasuwa ba hukuma ba ne. Muna iya yarda a tsakaninmu cewa duk ɗan layi da ya saɓa zai biya wani abu, domin da bakinsa ya amince. Amma mu tare baƙo mai wucewa, mu riƙe masa abin hawa, mu karɓi kuɗinsa, wannan ba mu da hurumi a kai. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, da aka kafa a 1988, aikinta a kan titi yake, ba za ta zo ta tsaya mana a layin yadi ba. Tsarin cikin kasuwa na hukumar kasuwa ne, kama mai laifi kuma na 'yan sanda. Mun tsallake su duka.

Da na shiga karance-karance a kan lamarin, na tarar ba mu muka fara faɗawa wannan rami ba. A Ingila dokar da ta hana hawa a kan hanyar masu ƙafa ta gefen titi tun 1835 take, an yi ta ne don dawaki da kekunan doki da dabbobi, sai a 1888 aka shigar da keke cikin lissafi. A 1999 suka fara yanka tarar nan-take ta fam 20. Amma ministan da abin ke hannunsa a lokacin, Paul Boateng, ya bayyana cewa ba a yi tarar don mai keken da tsoron motoci ya sa ya hau gefe ba, matuƙar yana kula da masu tafiya, kuma ya nemi 'yan sanda su yi aiki da hankali. A 2014 wani ministan, Robert Goodwill, ya sake jaddada hakan. Duk da haka, a shekarar ce aka yi wata doka da ta ba ƙananan hukumomi ikon hana wasu abubuwa a tsakiyar garuruwa, wasu suka hana hawan keke a titunan kasuwanci da aka keɓe wa masu ƙafa, wasu kuma suka miƙa aikin kamu ga kamfanoni. A garin Grimsby, a 2022, an ci wani tsoho ɗan shekara 82 tarar fam 100, abin ya zama abin magana a jaridunsu, mutane suna ƙorafin cewa masu kamu sun fi tare dattawa su bar matasa masu gudu. Da na karanta wannan sai na ga mai albasana. Tun 1993 ma cibiyar binciken sufuri ta ƙasarsu ta ɗauki hotunan bidiyo a irin waɗannan wurare, ta gano cewa yawancin masu keke da kansu suke rage gudu ko su sauka idan mutane suka yi yawa.

Mu ma a gida muna da darasi. Lokacin da aka tilasta hular kwano a Janairun 2009, an ga masu babur da ƙwarya da bokitin fenti a ka, don an kawo doka ba a kawo hular da talaka zai iya saye ba. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 saboda tsaro, fasinja bai ɓace ba, ya koma A Daidaita Sahu. Mu ma da muka hana babur, dila ba ta daina zuwa ba. Ta koma baro, 'yan dako suka ƙara kuɗi, kuma bakin baro ma yana sarar ƙauri.

Zama na biyu

Taron ya yi zafi. Alhajin da yaronsa ya ture Inna shi ya fi kowa dagewa a bar dokar yadda take, ina jin abin bai bar ransa ba. Wanda ya sauya akalar zancen limamin masallacin layi ne, dattijo mai sayar da zare da allura, wanda ba ya yawan magana a taro. Shugaba ya ce, "Malam, ba ka ce komai ba." Sai ya kawo hadisin Abu Musa da ke cikin Buhari da Muslim, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu da hannunsa don kada ya ji wa wani Musulmi ciwo. Ya ce mu lura, ba a ce mai kibiya ya bar kasuwa ba, an ce ya kama wurin da ke cutarwa. Ya ƙara da abin da duk wanda ya yi karatun Risala a zaure ya sani, cewa mai kora dabba da mai janta da mahayinta su ke da lamunin abin da ta taka. Ya ce tsinin babur injinsa ne da gudunsa, tsinin keke gudu ne da rashin birki, kuma wanda ya aiki yaro da gaggawa yana da kaso a abin da yaron ya taka.

A kan wannan muka sake gini, kuma wannan karon mun fara kai takarda ofishin kasuwa suka sa hannu. Babur mai kaya yana shiga da sassafe kafin ƙarfe 9, da kuma bayan Magariba. Tsakanin nan, duk mai babur da ke son shiga ya kashe inji ya tura. Keke yana wucewa a kansa in layi da sarari kuma tafiyarsa ba ta fi ta mai ƙafa ba. In an cika, ya sauka. Dattijo da mai lalurar ƙafa da mai keken guragu ba a ce musu komai sai sannu. Muka roƙi wani fili a bakin titi aka mayar da shi wurin ajiye babura, da mai gadi da lamba ta kwali, domin da yawa daga masu kutsowa ciki tsoron ɓarayin babur ne ke hana su barinsa a waje, kuma tsoronsu gaskiya ne. Samarin muka rage su zuwa biyu, muka yanka musu albashin mako daga kuɗin da kowane shago ke bayarwa, aka hana su karɓar ko sisi a hannun kowa. Tara ta koma kan mai shago: in yaronka ya shigo da inji a kunne, sunanka za a rubuta, a gaban taro za ka biya. Baƙo kuwa magana ce, in ya ji wa wani ciwo a miƙa shi ga 'yan sanda. Shugabannin 'yan kabu-kabu na tashar da ke kusa da mu mun je mun same su har inda suke, muka gaisa, muka yi bayani, kuma jan kunnen da suka yi wa mutanensu ya fi sarƙarmu aiki.

Sai layin fenti. An ja shi a ƙasa ta kowane gefe, aka ce tebur kada ya tsallake. Wannan ne ya fi kowane sashe wahalar aiwatarwa, domin yanzu hannun doka ya juyo kanmu. Teburina ma sai da aka mayar da shi baya da kusan taku ɗaya, kuma na ji zafin hakan, don turamen da ke gaba su ke kiran mai saye.

Yadda abin yake yanzu

Ba zan ce an gama ba. Tun daga lokacin ba a sake karya kowa a layin ba, alhamdu lillahi, amma ana samun gogayya da zage-zage. Masu yanke hanya daga unguwa zuwa titi har yanzu suna gwada sa'arsu da tsakar rana, lokacin da zafi ya haura digiri 40 kuma samarin sun laɓe a inuwa. Ba na iya ganin laifin mutumin da ke ƙin tura babur mai nauyi a wannan rana, ko da yake dole in ce ya tura. Maganin wannan ba a hannunmu yake ba. Yana bakin titi, inda motocin kaya ke tsayawa su toshe hanya har mutum ya gwammace ya ratsa kasuwa. Mun rubuta a kan a ware musu lokacin sauke kaya, muna jira. Jajibirin salla kuwa duk tsarin yakan sassauta, sai mun fito da kanmu mun tsaya a bakin layi. Tebura ma suna da halin rarrafe. Duk bayan 'yan watanni sai an sake jan fenti an sake faɗa.

Ka'idar "in an cika ka sauka" ta bar hukunci a idon saurayin da ke bakin sarƙa, kuma ido yana iya son kai. Wasu a kwamiti har gobe suna ganin dokar farko ta fi, domin ba ta da kwana-kwana. Na fahimce su. Ni dai na riƙe littafin dokar farko, na ga sunayen da ke ciki.

Inna ta dawo bayan wata uku. Hannun ya ɗoru amma ba ya ɗaga ƙwarya zuwa ka, jikarta ce ke ɗauka, ita kuma ta samu wuri a bakin layi kusa da mai gadin babura tana damawa a zaune. A zama na biyu an amince a mayar wa masu keke kuɗin da aka karɓa a hannunsu, duk wanda aka gane. Da yawa sun zo sun karɓa. Mai albasa bai sake biyowa ta layinmu ba. Na tambayi masu kayan gwari na bakin titi, suka ce suna ganinsa wani lokaci yana zagayawa ta babban titi, a gefen tireloli. Naira 500 ɗinsa tana cikin ambulan a aljihun teburina, na ba su saƙo in ya zo su turo mini yaro.